GAJIYAR GARKUWAR JIKI A CUTUTTUKA MASU DAƊEWA: CIWON HANTA DA ƘANJAMAU

Gabatarwa

Akwai cututtukan da kan shiga jikin ɗan Adam su yi kwana bakwai ko goma, jiki ya yaƙe su ya kore su, kamar mura da ƙyanda. Akwai kuma waɗanda idan suka shiga sai su zauna shekara da shekaru, wani lokaci har iyakar rayuwar mutum. Daga cikin waɗannan masu zama, uku ne suka fi damun al'ummarmu: ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da cutar HIV mai karya garkuwar jiki, wadda kan kai ga ƙanjamau. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da irin ƙwayar cutar da ke haddasa ta, amma duka ukun suna cikin dangin da ake kira bairos.

Binciken ƙasa baki ɗaya da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma suna ɗauke da nau'in C. Masu ɗauke da HIV sun kai kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. A faɗin duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C.

Jama'a kan tambaya, me ya sa jiki ke iya korar mura amma ya kasa korar waɗannan? Babban ɓangare na amsar shi ne abin da masana suka kira gajiyar ƙwayoyin T. Mun tanadi wannan bayani ne domin mazauna karkara da masu unguwanni da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su fahimci wannan gajiya, su san abin da ke kawo ta, su kuma san cewa maganinta rage yawan bairos ne a jiki da hana shi shiga tun farko.

Ƙwayoyin T da aikinsu

A cikin jininmu akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai kuma fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Ƙwayoyin T wani rukuni ne na fararen. A cikin ɓargo ake ƙirar su, daga nan su wuce wata ƙaramar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimus, inda suke samun horo. Daga sunan wannan gaɓa aka ciro harafin T. Idan sun kammala horo sai su bazu cikin jini da saifa da kaluluwa, suna sintiri.

Manyan ire-irensu biyu ne. Na farko su ne masu alamar CD8, waɗanda aikinsu kisa ne. Bairos ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jikin mutum, saboda haka masu CD8 sukan nemo ƙwayar da ya shiga su hallaka ta tare da shi. Na biyu su ne masu alamar CD4, waɗanda ke ba da umarni da tallafi ga sauran dakarun jiki. Kowace ƙwayar T abokin gaba ɗaya tak ta sani. Wadda aka tanada domin ƙyanda ba ruwanta da ciwon hanta.

Idan cuta mai saurin wucewa ta shiga, 'yan ƙwayoyin T da suka san ta sukan hayayyafa ninki dubbai cikin mako guda. Da zarar an ci nasara, kashi 90 zuwa 95 cikin 100 nasu sukan mutu, ragowar su zauna a matsayin masu tunawa. Suna daga cikin dalilan da suka sa wanda ya taɓa yin ƙyanda ba ya sake yi, kuma a kan wannan tsari aka gina allurar rigakafi.

Yadda jiki ke tsawata wa dakarunsa

Dakarun da ke da ikon hallaka ƙwayoyin jiki abin tsoro ne idan babu mai tsawata musu. Don haka jiki yana da hanyoyi na riƙe su, kamar yadda mahayi ke riƙe doki da linzami.

Hanya ta farko ita ce wasu furotin da ke fitowa a bayan ƙwayar T bayan ta fara aiki. Wanda ya fi shahara shi ne PD-1, wanda Tasuku Honjo da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan a shekarar 1992. Idan PD-1 linzami ne, to hannun da ke jan sa wani furotin ne mai suna PD-L1, wanda ke kan ƙwayoyin jiki da dama. Da sun haɗu sai ƙwayar T ta sassauta. Akwai wasu irinsa, kamar CTLA-4 da LAG-3 da TIM-3.

Hanya ta biyu ita ce wani rukuni na musamman daga cikin masu CD4, waɗanda aikinsu kwantar da tarzoma ne. Shimon Sakaguchi ya bayyana su a shekarar 1995. A shekarar 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano sinadarin gado mai suna FOXP3, wanda daga baya aka tabbatar shi ke sarrafa waɗannan ƙwayoyi. Yaran da aka haifa da lahani a wannan sinadari, garkuwar jikinsu kan juya ta far wa hanjinsu da fatarsu da sauran gaɓoɓinsu. Waɗannan masana uku sun sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2025 saboda wannan aiki.

Hanya ta uku ita ce wasu sinadarai masu sanyaya yaƙi da jiki ke fitarwa, irin su IL-10. Dukan waɗannan hanyoyi alheri ne ga mai lafiya. Matsala tana tasowa ne idan cuta ta ƙi tafiya, linzami ya zauna a jaye ba sassauci.

Mene ne gajiyar ƙwayoyin T?

Idan bairos ya zauna a jiki da yawa, kuma na tsawon lokaci, ƙwayoyin T da suka san shi ba sa samun hutu. Kullum suna ganin abokin gaba, kullum ana zuga su. Sannu a hankali sai su soma rasa iyawarsu, mataki bayan mataki:

1. Da farko sukan rasa ƙarfin hayayyafa da fitar da sinadarin IL-2, kuma ƙarfinsu na kisa ya ragu.
2. Daga nan sai su rage fitar da sinadarin TNF, wanda ke taimakawa wajen kiran sauran dakaru.
3. Idan abin ya yi nisa sai su rage fitar da intaferon, sinadarin da ke hana bairos hayayyafa.
4. A mataki na ƙarshe sai su mutu, jiki ya wayi gari ba shi da isassun ƙwayoyin da suka san wannan cuta.

A duk tsawon wannan lokaci linzamai suna ƙaruwa a kansu, PD-1 da 'yan uwansa. Abubuwa uku ne suka fi tsananta gajiyar: yawan bairos a jiki, tsawon zamansa, da rashin tallafin masu CD4.

A nan ya kamata mu lura da abu biyu. Na ɗaya, wannan gajiya daban take da kasalar da mutum kan ji a jikinsa. Mutum yana iya noma da fatauci cikin ƙoshin ƙarfi alhali ƙwayoyinsa na T sun gaji shekaru da dama. Na biyu, ƙwayoyin da ke fuskantar wannan cuta ɗaya su ne gajiyar ta fi shafa. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B yana iya yaƙar mura da sauran cututtuka kamar kowa.

Yadda aka gano ta

A jikin ɓeraye aka fara ganin wannan al'amari. Akwai wani bairos na ɓeraye mai suna LCMV wanda ke da nau'i biyu masu kama da juna ƙwarai. Nau'i ɗaya jikin ɓera kan kore shi cikin kamar kwana goma, ɗayan kuwa yakan zauna watanni. A shekarar 1993, masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen Rolf Zinkernagel da ke birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka nuna cewa idan wannan bairos ya yi yawa, ƙwayoyin T masu kisa sukan ƙare. A shekarar 1998 kuma, Rafi Ahmed da abokan aikinsa a Jami'ar Emory ta Amurka suka nuna cewa wasu daga cikinsu suna nan da rai, sai dai sun daina aiki.

A shekarar 2006 ne aka gano alaƙar wannan da PD-1. Da aka toshe hanyar PD-1 a jikin ɓerayen da cutar ta daɗe a cikinsu, sai ƙwayoyinsu na T suka farfaɗo, bairos ya ragu. A wannan shekarar dai, wani bincike da aka yi a kan masu ɗauke da HIV a yankin Durban na Afirka ta Kudu ya nuna cewa haka abin yake ga ɗan Adam: gwargwadon yawan bairos a jinin mutum, gwargwadon yawan PD-1 a kan ƙwayoyinsa na T. Ba a daɗe ba aka ga irin haka ga masu ciwon hanta nau'in B da nau'in C.

Me ya sa jiki ke yarda da gajiya?

Binciken ɓerayen nan na 2006 ya nuna wani abu kuma. Ɓerayen da aka haifa ba su da PD-L1, da aka sa musu nau'in bairos mai daɗewa sai suka mutu, kuma dakarun jikinsu ne suka kashe su saboda babu mai tsawatawa. Wannan ya nuna cewa gajiya wata hanya ce ta kare rai. Idan ɓeraye suka cika rumbu, mai hankali ba ya cinna wa rumbun wuta domin ya kashe su, saboda hatsin zai tafi tare da su. Haka jiki ke yi: idan ya ga cutar ta bazu a gaɓa mai muhimmanci, sai ya sassauta yaƙi ya zauna da ita.

Har ila yau, ƙwayoyin da suka gaji suna da sauran amfani. A shekarar 1999 an gwada cire masu CD8 daga jikin birai masu ɗauke da bairos ɗan uwan HIV, nan da nan bairos ya ƙaru a jininsu. Ke nan gajiyayyun ƙwayoyi suna danne cuta, korarta ce ta gagare su. Sai dai wannan zaman sulhu yana da tsada, domin ƙaramin yaƙin da ke ci gaba yau da gobe yakan bar tabo a gaɓa.

Ciwon hanta nau'in B

Wannan bairos, a mafi yawan lokuta, ba ya kashe ƙwayoyin hanta da kansa. Yaƙin da garkuwar jiki ke yi da shi ne ke raunata hanta. Ita kuwa hanta gaɓa ce mai sanyaya yaƙi bisa ɗabi'arta, saboda jinin da ke fitowa daga hanji ɗauke da abubuwan abinci ta cikinta yake bi.

Shekarun da mutum ya kamu su ne suka fi yin tasiri. Babban mutum idan ya kamu, fiye da kashi 95 cikin 100 jikinsa kan kore cutar. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa ko cikin shekararsa ta farko kuwa, kimanin kashi 90 cikin 100 cutar kan zauna masa, domin garkuwarsa ba ta yi ƙwarin da za ta yi yaƙi mai ƙarfi ba. Daga nan ƙwayoyinsa na T da suka san cutar za su yi shekara ashirin ko talatin suna fuskantarta, suna gajiya suna ƙarewa. Mutum ba ya jin komai, har sai hanta ta ƙanƙance ta taurare, ko ciwon daji ya kama ta. Shawara da kumburin ciki da aman jini alamu ne da kan zo a makare.

A yankinmu na Afirka ta Yamma, mafi yawan masu ɗauke da cutar sun same ta ne daga uwa lokacin haihuwa ko a ƙuruciya ta hanyar jini. Aska ɗaya da za a yi wa yara da yawa aski ko kaciya ko tsaga ko cire beli da ita, ko ƙahon da ba a tsabtace ba, duk hanyoyi ne. Ba a ɗaukar ta ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya ko musafaha ko tari, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Akwai magunguna biyu da aka fi amfani da su, tenofobir da entekabir, waɗanda ke hana bairos hayayyafa. Ba kasafai suke kawar da shi gaba ɗaya ba, domin yana da wani tushe da yake ɓoyewa a cikin ƙwayoyin hanta, amma suna rage haɗarin lalacewar hanta da ciwon daji. Ba kowane mai ɗauke da cutar ke buƙatar magani nan take ba. Likita ne ke yanke wannan hukunci bayan gwaji, kuma a shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa rukunin waɗanda suka cancanci a ba su magani.

Cutar HIV

Illar HIV ta ninka, domin masu CD4 ɗin nan da ke ba da tallafi su yake shiga ya hallaka. Masu CD8 suna yaƙi ba hutu, ga shi kuma masu tallafa musu suna raguwa. Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowane ɗan ƙaramin ma'aunin jini da ake aunawa da shi. Idan suka sauka ƙasa da 200, tarin fuka da sauran cututtuka sukan sami ƙofa.

Maganin rage kaifin cutar yana danne bairos har ya kai ba a ganinsa a gwaji. Idan haka ta faru PD-1 yakan ragu, CD4 su ƙaru. Wani babban bincike da aka fitar a shekarar 2015 ya nuna cewa waɗanda suka fara magani da wuri sun fi waɗanda suka jinkirta tsira daga munanan cututtuka. Tun daga wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ba kowa magani da zarar an gano yana ɗauke da cutar, ba tare da jiran CD4 su sauka ba.

Ciwon hanta nau'in C

Kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu da nau'in C jikinsu kan kore shi cikin wata shida, ragowar kuwa yakan zauna musu. Ba shi da allurar rigakafi, amma yana da maganin warkarwa: ƙwayoyin magani da ake sha kimanin mako 12, waɗanda ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Binciken da aka fitar a shekarar 2021 ya nuna cewa ko bayan warkewa, ƙwayoyin T da suka daɗe cikin gajiya ba sa komawa daidai gaba ɗaya, wani tabo yakan rage a cikinsu. Wanda ya warke yana iya sake kamuwa, don haka kiyayewa ba ta ƙare ba.

Shin akwai maganin da ke farfaɗo da garkuwar jiki?

Akwai allurai masu toshe PD-1, waɗanda aka fara amincewa da su a shekarar 2014 domin wasu nau'o'in ciwon daji. Saboda wannan fanni aka ba Tasuku Honjo da James Allison lambar yabo ta Nobel a shekarar 2018. Amma waɗannan allurai suna da tsada ƙwarai, kuma da yake linzami suke cirewa, sukan sa garkuwar jiki ta far wa hanji ko huhu ko hanta ko fata. Ba a amince da su a matsayin maganin ciwon hanta na bairos ko HIV ba.

Daga wannan za mu gane matsayin magungunan da ake tallatawa a kasuwanni da tashoshin mota da sunan masu ƙara garkuwar jiki ko wanke hanta. Ƙwayoyin T sun gaji ne saboda bairos ya yi musu yawa, kuma jiki da kansa ya ja musu linzami. Abin da bai rage bairos ba, bai taɓa tushen matsalar ba. Bugu da ƙari, duk abin da aka sha ta hanta yake bi, kuma haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna iya ƙara raunata hantar da dama tana fama. Abinci mai gina jiki yana da amfani, amma ba ya maye gurbin magani.

Abin da muke kira ga jama'a su yi

1. A kai kowane jariri a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haife shi. Kada a jira ranar suna. Nijeriya ta shigar da wannan allura cikin rigakafin yara a shekarar 2004. Sai kuma allurar Penta a mako na 6 da na 10 da na 14.
2. Mata masu juna biyu su nemi gwajin ciwon hanta da HIV a wurin awo. Akwai maganin da ke rage haɗarin yaɗuwa daga uwa zuwa jariri.
3. Idan an sami mai nau'in B a gida, a gwada matarsa ko mijinta da 'ya'ya, a yi wa waɗanda ba su kamu ba rigakafi.
4. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Dainawa kwatsam ga mai nau'in B na iya sa bairos ya taso, hanta ta kumbura har ta gaza.
5. Mai nau'in B ya guji shan magunguna irin su dezametason da firedinisolon ba da umarnin likita ba, domin suna danne garkuwar jiki su ba bairos dama.
6. A guji barasa. A kuma guji gyaɗa da masara da suka yi funfuna, saboda gubar afulatoksin da ke cikinsu idan ta haɗu da nau'in B tana ninka haɗarin ciwon dajin hanta. A shanya amfanin gona ya bushe sosai kafin a zuba a rumbu.

Abin da ya rataya a wuyan jami'ai da shugabanni

Masu unguwanni da dagatai su haɗa kai da unguwarzoma domin a sanar da ma'aikacin lafiya duk haihuwar da aka yi a gida a ranar da aka yi ta. Sassan lafiya na ƙananan hukumomi su tabbatar akwai allurar ranar haihuwa cikin sanyi a wuraren karɓar haihuwa, har da dare da ranakun hutu, domin awa 24 ba ta jiran ranar rigakafi ta mako. A zauna da sarakunan aska a kan amfani da sabuwar reza ga kowane mutum. A tabbatar ba a ƙara wa kowa jinin da ba a gwada ba. A kuma riƙe sirrin masu zuwa gwaji, domin tsoron tonon asiri na cikin abubuwan da ke hana mutane zuwa da wuri. Ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, da ranar 1 ga Disamba, ranar ƙanjamau ta duniya, lokuta ne da suka dace da gangamin wayar da kai da gwaji.

Kammalawa

Gajiyar ƙwayoyin T tana ƙaruwa ne da yawan bairos da tsawon zamansa, kuma idan ta yi nisa ba ta komawa gaba ɗaya. Don haka lokaci shi ne abin da ya fi muhimmanci: awa 24 na farko ga jariri, gwaji tun mutum yana jin lafiyarsa, da riƙe magani ba yankewa. Rigakafi ya fi magani. Duk mai neman ƙarin bayani ko gwaji ya tuntuɓi cibiyar kiwon lafiya a matakin farko mafi kusa da shi, ko babban asibitin ƙaramar hukumarsa.